Resi yana hannun mai saye, amma babu shi cikin kwamfuta

Lawali Tawa: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman waɗanda sunka san cikin Linux. Akwai wata manhajar kes da na rubuta ma wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a sari nan kasuwar Tawa, shinkafa, sukari, mai, taliya. Da Node na rubuta ta, bisa wata tsohuwar kwamfuta ta tebur mai Ubuntu. Fayil biyu take aiki da su. Guda na resi ne, duk ciniki sai ta ƙara layi a ƙarshenshi da appendFile. Gudan kuma na lissahin kayan da sunka rage a sito, shi duk ciniki sai ta sake rubuta shi gaba ɗaya da writeFile. Da farko writeFileSync nike amfani da shi, allo shina daskarewa, mutane na tsaye a layi, sai na koma ga na asinkron, wanda manhaja ba ta tsayawa jiranshi, allon ya saki.

Yanzu ga abin da ya faru. Wuta ta ɗauke da rana tsaka. Da anka kunna, fayil ɗin sito babu komi ciki, bayit 0. Da marece wani ya zo ɗaukar shinkafa buhu goma da resi a hannunshi, bugun manhajata ne, lamba da komi, amma babu shi cikin fayil ɗin resi. Alhaji ya hwara zargin yaron kes. Ni abin da ya ɗaure mini kai, ba na buga resi sai amsa ta dawo cewa an rubuta ba kuskure. To ina ya tahi?

Haruna Katako: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka sa Alhaji ya sayi onduler, batirin nan mai riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ka huta. Mai sauke shinkafa tirela guda ba zai rasa kuɗinsa ba.

Lawali Tawa: Akwai shi yaya Haruna. Batirin ne ya mutu, in wuta ta tahi tare suke tahiya.

Haruna Katako: Na sani ai, su nake canzawa kullum a nan. Batirin dalma da digiri 25 aka auna kwanansa, duk ƙarin digiri goma yana cinye kusan rabin kwanan. Ka lissafa da shagon kwano a Tawa cikin Afrilu.

Malam Isufu: Lawali, tun kafin ka taɓa kod, ka je ka wanke yaron nan wurin Alhaji yau. Abin da ka bayyana ya isa ya ɓatar da resi ba da hannun kowa ba.

Tambayoyi biyu ka haɗa wuri guda. Ta farko, wa zai tsaya jira lokacin da ake rubutu? Ta biyu, yaushe abin da aka rubuta ya sauka a kan diski? Asinkron ta farkon kawai yake amsawa. Ta biyun ko kallonta bai yi ba, kuma writeFileSync ɗin da ka baro shi ma bai amsa ta ba. Ko da ka ci gaba da shi, resin nan sai ya ɓata.

Idan manhaja ta kira write a Linux, kanel, wato zuciyar sistem ɗin, yana kwafe bayanan ya ajiye su a RAM, cikin shafuka masu bayit 4096, ya yi musu alamar cewa ba su sauka ba tukuna, sannan ya ce maka an gama. Kamar ka kai saƙo tashar motar Yamai ne, ɗan kamasho ya karɓa ya ce shi ke nan Alhaji, sai ka tafi. Saƙon yana nan cikin rumfa, mota ko lodi ba ta fara ba. A saitin da Linux ke zuwa da shi, mai kwashe shafukan yana farkawa duk bayan sakan 5, kuma waɗanda suka kai sakan 30 yake saukewa. Ka duba dirty_writeback_centisecs da dirty_expire_centisecs a cikin /proc/sys/vm, za ka ga 500 da 3000. Wato cinikin da aka yi cikin rabin mintin ƙarshe kafin ɗaukewar wuta a RAM yake zaune, firinta kuwa tuni ya fitar da takarda.

Lawali Tawa: Subhanallahi. To Malam mi ne amfanin amsar da ke cewa an rubuta?

Malam Isufu: Tana nufin kanel ya karɓa, kuma duk wata manhaja da ta buɗe fayil ɗin yanzu za ta ga abin da ka rubuta. Iyakar alkawarinta ke nan. In kana son ya sauka, sai ka kira fsync, shi ne ba ya dawowa sai diski ya ce ya ajiye. A Node ka buɗe fayil ɗin da fs.promises.open, ka rubuta, ka jira sync ta dawo, sannan ka aika wa firinta. Allonka ba zai daskare ba don jiran a bayan fage yake, amma resi ba ya fita sai an gama.

Bashir UAM: Malam da izininka. Ni ina ganin matsalar daga Node take. Asinkron ɗin fayil a Node na bogi ne, zare huɗu, wato layukan aiki masu gudana daban, su ne kawai libuv da ke ƙarƙashin Node ke ajiyewa a gefe suna yin write na yau da kullum suna jira a madadinka. Asinkron na gaske a Linux shi ne io_uring, tun kanel 5.1 a 2019. Lawali ka sake rubuta wannan ɓangaren da C ko Rust a kan io_uring, za ka ga bambanci.

Zainabu: Bashir, bambancin me zai gani? Ka tura write ta io_uring, amsa ta dawo, bayanan suna ina? A RAM ɗin dai. Wuta ta ɗauke, resi ya ɓata, sai dai ya ɓata da sauri. Kuma ka ƙara masa sabon ciwon kai, don in ka tura write da fsync tare a io_uring babu wanda ya yi maka alkawarin za su gudana a jere, sai ka ɗaure su da IOSQE_IO_LINK. In ka manta, fsync na iya gamawa kafin write ɗin da kake son ya sauke.

Bashir UAM: Yaya Zainabu ban ce fsync ba ya da amfani ba. Cewa na yi zaren Node ba asinkron ba ne.

Malam Isufu: A wannan kam Bashir yana da gaskiya, kuma abin ya cancanci a tsaya a kai, don yawancin yaranmu a kan soket, ƙofar da manhaja ke magana da wata na'ura ta cikinta, suka koyi asinkron, sai su ɗauka fayil ma haka yake.

A soket kana iya tambayar kanel, akwai wuri in rubuta? Ya ce babu tukuna, ka tafi wani aikin, epoll ya tashe ka in wuri ya samu. Fayil na diski ba ya shiga wannan tsarin. Ka sa masa O_NONBLOCK, ba abin da zai canza. Ka ba epoll fayil na yau da kullum, zai ƙi karɓa, ya mayar maka da EPERM. A wurin Unix fayil kullum a shirye yake, ko da shirin nan zai ci maka sakan biyu a tsaye. Shi ya sa kowa ya bi ta bayan gida. aio_write na POSIX, in ka leƙa cikin glibc, zare ne suke yin aikin. asyncio na Python ba shi da fayil sam, aiofiles zare ne. Kanel ɗin Linux yana da nasa tun zamanin 2.6, io_submit, amma ba ya sakin ka da gaske sai ka buɗe fayil da O_DIRECT, wato ka tsallake ajiyar RAM ɗin nan ka ɗauki nauyin daidaita girman kowane rubutu da kanka. Masu manyan rumbunan bayanai ne kawai suka jure masa.

Abin da Jens Axboe ya kawo da io_uring shi ne zobba biyu da manhaja da kanel ke rabawa a ƙwaƙwalwa guda. Ka jera buƙatunka a ɗaya, ka kwashi amsoshi a ɗayan, ba sai ka ƙwanƙwasa wa kanel ƙofa a kan kowace buƙata ba. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ga mai sabar da ke rubutu dubu ɗari a sakan. Amma ko a can, in rubutun zai tsaya jira, kanel yakan miƙa shi ga nasa zaren ne. Jiran bai ɓace ba, wurin zama ya canza.

Zainabu: Ka ƙara masa da na tsaro Malam. A 2023 Google ta ce kashi 60 cikin ɗari na hanyoyin kutsen kanel da aka kawo mata a gasarta ta 2022 ta io_uring suka bi. Ta kashe shi a ChromeOS da sabobinta, ta hana manhajojin Android taɓa shi. Ita kanta Node ta kunna shi a 2023, ta dawo ta kashe a 2024. Rumbun bayanai na PostgreSQL sai a siga ta 18, a 2025, ta samu asinkron nata, a kan karatu, kuma ba io_uring ne saitinta na farko ba. Sai shagon Alhaji ne zai riga su?

Bashir UAM: An gyara da yawa daga cikin ramukan nan tun lokacin. Amma na ji, ba na shago ba ne.

Lawali Tawa: Na gane na resi. To na sito hwa, da ya dawo babu komi? Ai shi ya daɗe a diski, ba sabo ba ne.

Malam Isufu: Kai ka share shi da hannunka, duk ciniki. writeFile yana buɗe fayil da O_TRUNC, wato matakin farko shi ne a mayar da shi bayit 0, sannan a zuba sabon. Tsakanin sharewa da saukar sabon akwai ƴar tazara, wuta ta same ka a cikinta. Tsohon ya tafi, sabon bai zo ba.

Wannan rigimar tsohuwa ce. A 2009, lokacin da ext4, tsarin jera fayil a diski na Linux, ke sabo, masu gwada Ubuntu 9.04 sun yi ta kuka cewa bayan kwamfuta ta mutu fayilolin saitinsu suna dawowa wayam. ext3 ya saba wa mutane da sauke komai cikin kusan sakan 5, ext4 kuma ya zo da jinkirta ware wuri a diski don ya jera bayanai da kyau. Theodore Ts'o ya ce laifin manhajojin ne da ba sa kiran fsync, masu manhajoji suka ce laifinsa ne. Ƙarshe a kanel 2.6.30 aka sa ext4 ya riƙa gane mai sharewa ya sake rubutawa, ya gaggauta sauke masa. Ya rage tazarar, bai rufe ta ba.

Hanyar da aka sani ita ce kada ka taɓa tsohon. Ka rubuta sabon da wani suna a cikin dosiye ɗaya, ka yi masa fsync, ka yi rename ya hau kan tsohon, sannan ka buɗe dosiyen kansa ka yi masa fsync, don sunan fayil a cikin dosiye yake rubuce ba a cikin fayil ba. Wannan na ƙarshen shi kowa ke mantawa. In ka yi haka, duk inda wuta ta same ka za ka tarar da tsohon cikakke ko sabon cikakke.

Akwai kuma wani da bai cije ka ba tukuna. Ciniki biyu a jere da sauri, writeFile biyu a kan fayil guda, zare biyu cikin huɗun da Bashir ya faɗa kowa na rubuta nasa. Takardun Node da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Rannan ko wuta ba ta ɗauke ba JSON ɗinka zai dawo rabi na wannan rabi na wancan.

Zainabu: Malam ka yi haƙuri, duk abin da ka faɗa daidai ne amma ni ba zan sa shi ya yi ba. Ko ya yi fsync a resi, ya yi rename a sito, fayil biyu ne har yanzu. Wuta ta ɗauke bayan na farko kafin na biyu, resi ya ce buhu goma sun fita, sito ya ce suna nan. Gobe a sake zargin yaron, wannan karon da takarda. Lawali ka zuba duka cikin SQLite, ƙaramin rumbun bayanai ne. Resi da ragin kaya su shiga tiransakshan guda, ko su sauka tare ko su faɗi tare. Tun 2000 ake dukan wannan kod ɗin, yana cikin kowace wayar da ke aljihunmu.

Malam Isufu: Ban ƙi ba ƴata. Amma wanda bai san abin da ke ƙasa ba, SQLite ma zai saita ta yadda za ta ɓatar masa da resi. Na fi son ya rubuta na hannu sau ɗaya ya ga inda yake ciwo.

Zainabu: Ya rubuta a kwamfutarsa ta gida. Shagon mutane ba aji ba ne.

Haruna Katako: Malam an kama ka 😂

Bashir UAM: Amma better-sqlite3, wadda ake haɗa Node da SQLite da ita, ba asinkron ba ce ko kaɗan. Allon zai koma daskarewa kamar da, in kowane ciniki sai an jira fsync a kan tsohon diski mai juyawa.

Zainabu: Mu yi lissafi. Diski mai juyi 7200 a minti yana juyi 120 a sakan, kowane juyi milisakan 8 da ɗoriya. Masu SQLite da kansu sun ce a irin wannan diskin kana samun tiransakshan kusan 60 a sakan. Alhaji yana buga resi 60 a sakan? Ko ranar kasuwa ana jajibirin Sallah, ɗaya a rabin minti ya yi yawa. Ido ba ya ganin jiran milisakan ashirin ko talatin. Don haka ni ban yarda diski ne ya daskarar da allon tun farko ba. Lawali, fayil ɗin sito nawa ne girmansa?

Lawali Tawa: Ya girma gaskiya. Ba adadin da ya rage kaɗai ke ciki ba, duk shiga da hitar kowane kaya tun ranar da munka hwara suna ciki, don Alhaji shina son tarihi.

Zainabu: To ka ga ɓarawon. Duk ciniki kana yi wa tarihin shagon gaba ɗaya JSON.stringify, shi kuwa a babban zare yake gudana ko da wane writeFile ka kira bayansa. Da ka koma asinkron rabin nauyin ka sauke, rabin yana nan yana girma kullum. A SQLite layi biyu za ka taɓa. In kuma har yanzu kana tsoro, ka tura ta cikin worker_threads, allo ya aika saƙo ya jira amsa.

Sai dai ga tarkon da Malam ke nufi, gara in faɗa da kaina. Duk inda ka karanta za a ce maka ka kunna WAL, littafin gefe da ake fara rubuta canji a ciki kafin ya koma babban fayil, kuma ka kunna, yana nan tun siga 3.7.0 a 2010. Amma da WAL, in synchronous yana kan NORMAL, SQLite ba ta fsync a kowane tiransakshan. Rumbun ba zai lalace ba in wuta ta ɗauke, amma na ƙarshe-ƙarshen suna iya ɓacewa, wato ciwonka na yau sak. better-sqlite3 kuma a kan NORMAL take zuwa in ka kunna WAL. Ka rubuta PRAGMA synchronous=FULL da hannunka duk lokacin da ka buɗe rumbun.

Malam Isufu: Alhamdu lillahi. Abin da nake so a faɗa ke nan.

Sani: Ni a Windows nake aiki, bari in sa baki kaɗan don wani zai ce a canza sistem. Windows ta riga Linux samun asinkron na fayil nesa ba kusa ba, IOCP yana nan tun NT 3.5 a 1994. Amma labarin ɗaya ne, WriteFile ya ce ya gama ba yana nufin diski ba, sai ka kira FlushFileBuffers. Kuma in rubutun yana ƙara tsawon fayil, kamar ƙara resi a ƙarshe, sau da yawa Windows tana tsayar da kai ta yi shi nan take duk da ka nemi asinkron.

Rakiya: A Android ma. apply na SharedPreferences yana dawowa nan take ya rubuta daga baya, commit yana jira. Yara suna zaɓar apply don kada allo ya tsaya sakan 5 Android ta ce manhaja ba ta amsawa. Ga launin allo ba laifi. Na taɓa ganin wanda ya ajiye lambar resi ta ƙarshe da shi.

Lawali Tawa: Wata tambaya. In fsync ɗin ya dawo da kuskure hwa? In sake kira har ya yi?

Malam Isufu: A'a! Nan ne PostgreSQL ta ƙone a 2018. Shekara da shekaru suna ɗauka in fsync ya faɗi sai a sake kira. Ashe a Linux in saukewa ta faɗi, kanel yana iya cire wa shafukan alamar nan ta ba su sauka ba, ya ba ka labarin kuskuren sau ɗaya. Ka sake kira, ya duba, babu abin saukewa, ya ce lafiya lau. Bayanan kuwa ba su taɓa isa diski ba. Gyaran da suka fitar a farkon 2019 shi ne in fsync ya faɗi rumbun ya tsaya cak, ya sake tashi daga littafin WAL. Kai ma haka. Kuskure ya zo, kada ka buga resi, ka nuna wa yaron kes jan rubutu, ya koma ga littafi da biro har a duba diskin.

Haruna Katako: Littafi da biro bai taɓa neman fsync ba dai.

Bashir UAM: Ni akwai abin da bai kwanta mini ba. Kun ce a sauke sannan a buga. To in wuta ta ɗauke bayan an sauke kafin firinta ya fitar? Kwamfuta ta ce an sayar, mai saye ba shi da takarda, wataƙila ma ya fasa ya tafi da kuɗinsa. Da dare a ƙirga kes a ga giɓi. Yaron dai za a sake kamawa.

Malam Isufu: Tambaya mai kyau, kuma ba ta da maganin da zai rufe ta ruf. Diski da firinta na'urori biyu ne, babu tiransakshan da ke haɗa su. Zaɓi kake yi tsakanin ciwo biyu. Ni na fi son rubutu ba takarda, don shi ana ganinsa, yana da lamba da lokaci, ana iya sake bugawa ko a soke. Takarda ba rubutu kuwa sai mai ita ya dawo kake sanin tana duniya.

Bashir UAM: Ana ganinsa in an duba. Wa zai duba ana tsakiyar ciniki?

Zainabu: Manhajar za ta duba. Kowane resi ya samu matsayi. Ya sauka da matsayin ba a buga ba, firinta ya gama sai a mayar da shi an buga. In ta tashi ta tarar da wanda ya maƙale, kada ta buɗe kes sai ta tambayi yaron, lamba kaza, buhu goma, a sake bugawa ko a soke? In ya soke, a rubuta sokewar a matsayin sabon layi, kada a goge komai. Rubutun nan na an buga ma yana iya ɓacewa, sai ta yi tambaya a kan resin da ya riga ya fita, amma lambar ɗaya ce, a buga masa KWAFI a sama da manyan baƙaƙe don kada a ɗauki kaya sau biyu.

Bashir UAM: In ya soke wanda aka biya ya sa kuɗin aljihu fa?

Zainabu: Mai kayan zai zo ɗaukar shinkafarsa, layin sokewa yana nan da lokacinsa. Sauran kuma tsakanin Alhaji da yaronsa ne, ba aikin kanel ba ne.

Lawali Tawa: Na je shagon bayan la'asar, na yi ma Alhaji bayani gaban yaron. Bai gane RAM ba amma ya gane rabin minti, don ya tuna mai shinkafar shina tsaye gaban kes sanda wuta ta tahi. Yanzu shi ke tambaya, wai duk dare shina kwahe fayilolin a kile USB shi tahi da shi gida, zai ci gaba?

Zainabu: Ba da kwafe-manna ba. Da WAL fayil uku za ka gani, babban, da mai -wal, da mai -shm. Sabbin ciniki suna iya zama a mai -wal ba su koma babban ba tukuna, in ya kwafi babban kaɗai ya tafi gida da na jiya. Ka yi masa maɓalli guda da ke kiran VACUUM INTO, yana nan tun siga 3.27 a 2019, ya fitar da cikakken kwafi fayil ɗaya, ka sa kwanan wata a sunan. Kuma maɓallin ya cire kile ɗin ta sistem kafin ya ce an gama, don kwafi zuwa kile ma a RAM yake fara zama. Kun san layin nan da ke cika da sauri sannan fitilar kile ta yi ta ƙiftawa.

Malam Isufu: Saura abu ɗaya, shi ne wanda ba ya hannunmu. fsync yana gaya wa diski ya sauke nasa ƙaramin ma'ajin, diski ya ce na yi. Akwai masu ƙarya, musamman kile da katin waya da SSD marasa suna. A diski mai juyawa kana iya kashe ma'ajin da hdparm -W 0 in kana shakka. Amma ba ka sani sai ka gwada, kuma gwajin ba kill -9 ba ne. In ka kashe manhaja kanel yana nan da rai, zai sauke shafukan daga baya, ka ga komai daidai ka yi murna a banza. Waya za ka zare daga bango.

Haruna Katako: Gani ya kori ji. Amma ba a kwamfutar Alhaji ba don Allah. Ina da tsofaffin diski a nan, ka gaya mini irin nasa in ba direba ya kawo maka. Kuma in za a canza kwamfutar wata rana ku sayi laftof, batirinta na jikinta.

Lawali Tawa: Na gode yaya, zan duba in turo maka. Malam yaya zan san wane ne ya kamata ya tsira, tunda allon ma mutuwa zai yi?

Malam Isufu: Ka rubuta ƴar manhaja da ke zuba resi na ƙarya ba tsayawa, lamba bayan lamba. Duk wanda tiransakshan ɗinsa ya dawo, ta aika lambar ga wata na'ura ta rezo, wayarka ma ta isa in ka buɗe mata wifi. Ka zare waya tana cikin gudu, ka kunna, ka kwatanta lambar ƙarshe da ke wayarka da ta cikin rumbun. Ta rumbun tana iya wuce ta wayar da ɗaya, ba laifi. In ta gaza ko da ɗaya ne, wani ya yi ƙarya. Ka yi da FULL, ka yi da NORMAL, ka maimaita da yawa don tazarar ƙarama ce, kowane karo ka gudanar da PRAGMA integrity_check.

Bashir UAM: Ka turo mana kod ɗin gwajin in ka gama, ina son in sa shi a SSD ɗina. Na saye shi da arha ƙwarai, yanzu hankalina ya tashi.

Haruna Katako: A wurin wa ka saya?

Bashir UAM: Ba a wurinka ba yaya.